Allurar baya ga yaro a aikin ƙaba, a yarda ko kar a yarda?

Maman Haidar: Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Yarona ne shekararsa biyu da ƴan watanni, an duba shi an ce ƙaba ce a gefen dama, in yana kuka ko yana yunƙurin kashi sai ka ga wajen ya kumburo har ya gangara maraina, in ya kwanta kuma ya koma. An sa mana ranar aiki sati mai zuwa, to jiya da muka je ganin likitar da za ta sa shi barci sai take ce min bayan barcin ya ɗauke shi za su yi masa wata allura a ƙasan baya wai don kar ya ji zafi in ya farka. Ni dai ban ce komai ba na karɓo takardar sa hannu, amma tun da na faɗa a gida Hajiyarmu ta ce sam ba mai taɓa mata bayan jika, babansa kuma ya ce abin da Hajiya ta ce shi za a yi. Wlh na rasa ta cewa.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ƴar nan gaskiyar surukarki ne. Ni da aka yi min allurar bayan nan lokacin aikin haihuwar autana har yau in hunturu ya shigo ba na iya sunkuyo in yi wanki, ni babba kenan, balle ɗan tatsitsin yaro da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. A yi masa barcinsa kawai a yi aiki a tashi.

Baban Ikram: Ni tambayata ɗaya ce, in har an riga an sa yaro barci to allurar ta mece ce kuma? Wanda yake barci ai ba ya jin komai. Ina ga dai hanyar ƙara kuɗi ce a bil. Kuma a layinmu a Rigasa akwai yaron da aka yi wa allura tun yana ƙarami ƙafar ta shanye, yanzu ya zama saurayi yana jan ta.

Anti Nas: Baban Ikram ai ba don lokacin aikin kaɗai ake yi ba, don bayan farkawa ne. Maganin barci yana sakin yaro cikin mintuna kaɗan bayan an rufe shi, amma yankan da ke mararsa yana nan. Ni a ɗakin yara nake aiki, kuma tun daga bakin ƙofa in aka turo gado nakan gane wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba. Wanda ba a kashe masa wajen ba zai farka yana ihu yana banƙarewa, ya fisge allurar ruwan da ke hannunsa jini ya ɓata zanin gado, mu uku mu danne shi muna neman wata jijiyar, uwa tana tsaye jikin bango tana kuka ita ma. Ɗayan kuma sai ka ga ya buɗe ido ya ɗan yi ƙananan kuka na yunwa, a ba shi nono ko shayi ya koma barci. Bari Dakta ya zo, fanninsa ne.

Maman Haidar: Anti wlh wannan ihun nake tsoro, don Haidar ko allurar rigakafi ce sai an taru a kansa.

Dakta: Salam jama'a, yanzu na fito. Maman Haidar Allah ya ba shi lafiya. Abin da aka faɗa miki sunansa kodal, kuma ba irin wadda aka yi wa Hajiya Mai Atamfa ba ce ko da yake duk a baya ake yi. In kika shafa bayan yaro kika gangara har dab da inda tsagar ɗuwawu ta fara, akwai wani ɗan gurbi tsakanin ƙasusuwa biyu ƙanana, a yara yatsa ma yana jin sa. Ta nan ake shiga. Yaro ya riga ya yi barci, sai a juya shi ya kwanta ta gefe a naɗe masa gwiwa, a wanke wajen, a sa allura a zuba maganin a cire, ba a barin komai a jiki. Ita lakar baya ta ƙare tun can sama wajen ƙugu, allurar ba ta kusa da ita, kuma ba a shiga cikin jakar ruwan da ke kewaye da lakar, a wajenta ake zubawa maganin ya jiƙa jijiyoyin da suke fitowa zuwa mara da matsematsi da ƙafafu. Ta masu aikin haihuwa kuwa yawanci cikin ruwan ake zubawa, shi ya sa ƙafa take mutuwa gaba ɗaya nan take.

Baban Ikram, misalin da zan ba ka shi ne na wuta. Maganin barci kamar a ɗauke wutar gari ne gaba ɗaya, ana dawowa da ita kowane layi ya kama har da layin da ke kai saƙon zafi. Kodal kuma cire fiyus ɗin layi ɗaya ne a taransifoma, gari ya samu wuta amma wannan layin shiru na wasu awanni. Kuma akwai riba tun a cikin tiyata, don in an kashe wajen ba sai mun loda wa yaro iskar barci da yawa ba, ba sai mun ba shi manyan magungunan zafi irin su mofin da fetidin ba, waɗanda ke sa amai da nauyin barci kuma suna iya rage numfashi. Aikin ƙabar yara yawanci yini ɗaya ne, a yi da safe a sallame ku da yamma, to yaron da ke amai ko yake ta barci ba ya sallamuwa.

Baban Ikram: To Dakta yaron layinmu fa?

Dakta: Ban ga yaron ba, amma wanda muka fi gani shi ne allurar ɗuwawu da aka yi ba a daidai ba, yawanci ta zazzaɓi a kemis ko a gida, ta sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, sai tafin ƙafar ya saki yaro ya riƙa jan ta. Wasu kuma shan inna ce ta kama su a daidai lokacin da aka yi allurar. Wannan waje daban ne, magani daban, mai yi ma daban. Tsoron da mutanenmu ke yi yana da asali, ba zan raina shi ba, amma ba wannan allurar ce ta jawo shi ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni kuma bayana da ke ciwo ƙarya nake yi kenan.

Dakta: Haba Hajiya wane ni. Ciwonki gaskiya ne. Abin da bincike ya nuna dai shi ne wajen allurar yakan yi tsami na ƴan kwanaki, amma ciwon baya mai daɗewa ana samunsa ga waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda suka haihu ba a yi musu ba, don goyon ciki kansa da goyon yaro da sunkuyon aikin gida sun isa su taɓa baya. Ki zo a duba bayan, kar ki haƙura da shi a kan allura ce.

Hajiya Mai Atamfa: Hmm. Ku likitoci ba a kayar da ku a magana.

Ummu Sudais: Dakta tsakani da Allah ba ta da wata illa ko kaɗan? Don ni in aka ce min abu ba shi da illa sam sai in ƙara jin tsoro.

Dakta: Tana da ita, kuma duk wanda ya ce miki babu bai faɗa miki daidai ba. Wanda aka fi gani, ƙafafun yaro su yi nauyi na wasu awanni, in ya tashi zai yi tafiya ya yi tangaɗi, don haka ba a barinsa ya sauko gado shi kaɗai. Wani fitsari yakan ɗan yi masa jinkiri. Wani lokacin kuma allurar ba ta kamawa, sai a koma wata hanyar. Wanda mu muke tsoro shi ne maganin ya shiga jijiyar jini, don bufibaken, wato maganin kashe wajen da ake zubawa, in ya shiga jini da yawa yana sa jijjiga yana taɓa zuciya, ko allurar ta huda jakar ruwan nan maganin ya hau sama. Shi ya sa ake ja da sirinji a duba ko jini ko ruwa zai biyo kafin a tura, a tura a hankali ana kallon bugun zuciya a na'ura, kuma ba a yi da ka, da nauyin yaro ake lissafi. Ga aikin ƙaba kusan mil 1 (wato mililita) na maganin ne ga kowane kilo, lissafin da wani likita Armitage ya fitar tun 1979 kuma har yau da shi ake aiki. Abin ma ba sabo ba ne, tun 1933 aka fara rubuta yin ta ga yara a Amurka. A 2015 an fitar da nazarin kodal 18,650 da aka yi wa yara a asibitocin Amurka, matsala ta faru a kashi 1.9 cikin ɗari, akasari rashin kamawa ne ko ganin jini a sirinji, kuma ba yaro ko ɗaya da ya samu lahani mai ɗorewa.

Baban Ikram: A Amurka ka ce fa Dakta. Can wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Mu yi maganar nan Kaduna.

Dakta: Wannan magana taka ita ce mai nauyi a duk abin da aka faɗa yau, kuma ban da ja. Allurar ba ta fi hannun mai yin ta ba. Manyan asibitocin koyarwa irin Barau Dikko da na Shika suna da sashen masu sa barci kuma can ake horar da su, amma akwai ƙananan wurare da mutum ɗaya ne zai sa barcin kuma shi zai yi yankan, ba mai tsaye a kan yaron. A irin wannan wajen ni ba kodal ba, barcin ma ba zan yarda a sa ɗana ba. Don haka Maman Haidar tambayar da za ki yi ba "a yi ko kar a yi" ba ce kawai. Ki tambaya wa zai yi, ya saba yi wa yara, zai tsaya a kansa har a gama, akwai na'urar da ke nuna iskar jini da bugun zuciya, akwai oksijin, an auna nauyinsa a sikeli yau ko ƙiyasi aka yi. Tun da har likitar ta zaunar da ke tun kafin ranar ta yi miki bayani ta ba ki takarda, wannan alama ce mai kyau.

Maman Haidar: Eh ta auna shi kilo 12, ta kuma kwantar da shi ta duba bayan nasa da yatsa, ta tambaye ni ko yana da sikila ko in ya ji ciwo jini yana daɗewa bai tsaya ba, har kaciyarsa ta tambaya ko ya zubar da jini da yawa.

Dakta: To ta san aikinta. Abin da take nema kenan, don ba a yi wa yaron da ke da ƙurji ko maruru a wajen, ko wanda aka haifa da matsalar ƙashin baya, wani za ki ga ɗan rami mai zurfi ko gashi a wajen, ko mai matsalar daskarewar jini. Sikila kuma ba ta hana kodal, sai dai shirin aikin gaba ɗaya yakan canza.

Maman Haidar: To in Hajiyarmu ta kafe fa? Don na san ta, in ta ce a'a ko babansa ba ya iya tanƙwara ta, kuma ni ba na so a ce na kai yaro an yi masa abu a ɓoye, in wani abu ya faru ko tuntuɓe ya yi nan da shekara goma ni za a nuna.

Anti Nas: Kar ma ki fara yin sa a ɓoye. Ki lallaɓa babansa ya bi ki wajen likitar, in da hali a tafi da Hajiyar, tsofaffin nan in likita ya gaishe su da girmamawa ya nuna musu wajen a jikin yaron sukan sauko, abin da ba sa so shi ne a ce suruka ce ta yanke hukunci.

Dakta: Kuma in ta ƙi ba a rasa mafita ba, ba dole ba ce kodal, ba mai yi sai da sa hannunku. Akwai wata da ake yi ta gaba, a gefen mara kusa da ƙashin ƙugun nan da ke tasowa, a kashe jijiyoyi biyu da ke kai wa matsematsi. Ga ƙaba ta gefe ɗaya tana aiki sosai, musamman in akwai na'urar sikanin da za a ga jijiyar da ido, don in da lalube aka yi takan kuskure fiye da kodal, wani lokacin kuma maganin ya gangara ya kashe cinya na ɗan lokaci. Sannan mafi sauƙi, likitan da ya yi aikin ya zuba maganin a bakin yankan kafin ya ɗinke, wannan kusan ko'ina ana iya yi. Ni a yaro mai kilo 12 na fi son kodal, balle in gefe biyu ne ko za a haɗa da kaciya, amma in yaro ya girma ya kai shekara bakwai zuwa sama gurbin yakan yi wuyar samu, sai in fi karkata ga ta gaban. Wasu abokan aikina ta gaban suke yi wa kowa kuma yaransu lafiya lau suke tashi. Wanda ban yarda da shi ba kawai shi ne a ce ba za a kashe wajen ta kowace hanya ba wai yaro ne zai manta.

Hajiya Mai Atamfa: To wannan ta gaban dai da dama-dama.

Malam Mai Kemis: Ni inda nake ganin matsala shi ne bayan an koma gida. Ƙarfe goman dare uba zai zo min a guje wai yaron da aka yi wa aiki da safe yana ta tsala ihu, in tambaye shi an ba shi maganin da aka rubuta? sai ya ce ai lafiya lau yake tun da rana shi ya sa ba a ba shi ba.

Anti Nas: Wannan shi ne! Allurar awa 4 zuwa 6 take yi yawanci, wani ta ɗan fi haka in an haɗa da wani maganin. Iyaye sai su ga yaro yana wasa su ɗauka an gama, su ajiye maganin a jaka, tana saki kuma zafin ya zo gaba ɗaya. Ki fara ba shi farasitamol a lokacin da aka rubuta miki ko da yana dariya, ki ci gaba a kan lokaci kwana biyun farko, ba sai ya yi kuka ba.

Dakta: Haka ne. Lissafinsa miligiram 15 ga kowane kilo duk awa 6, na Haidar 180 kenan, in ruwan maganin mai 120 a mil 5 ne ya zama mil 7.5, amma ki duba kwalbar don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma ki bi abin da suka rubuta miki, da sirinji ko murfin awo ba cokalin shayi ba. Sau da yawa ana haɗa masa da ibufurofen in ba shi da matsalar ƙoda ko wani dalilin da zai hana.

Baban Ikram: In abin ya yi tsanani ba sai a ɓalla masa rabin tiramol ba?

Malam Mai Kemis: Inna lillahi. Malam kar ka sake ka faɗi wannan a inda mata za su ji su gwada. Tiramol da kodin ba na yara ba ne, hukumar magunguna ta Amurka tun 2017 ta hana ba ƴan ƙasa da shekara 12, don wasu yaran jikinsu yana juya maganin da sauri numfashi ya tsaya cikin barci. Mu nan ma ai kun tuna 2018 da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Asfirin ma ba a ba yaro. In farasitamol da ibufurofen sun kasa, asibiti za a koma ba kemis ba, ni kaina korar su nake yi.

Maman Biyu: Dakta ni nawa daban ne, tagwayena bakwaini ne kuma Hassan ɗin an ce yana da ita, watansa biyu yanzu. Na karanta wai maganin barci yana taɓa ƙwaƙwalwar jarirai, hankalina ya ƙi kwanciya.

Dakta: Maman Biyu bakwaini sun fi kowa samun ƙaba, don hanyar da maraina ke bi su sauko ba ta gama rufewa ba aka haife su. Maganar ƙwaƙwalwa kuma, gargaɗin da aka yi a Amurka a 2016 kan ƴan ƙasa da shekara 3 ne da za a sa barcin da ya wuce awa 3 ko a yi ta maimaitawa. Kuma an yi babban bincike a kan aikin ƙaba ɗin nan kansa, jarirai 722 a ƙasashe 7, rabi aka sa su barci rabi aka kashe musu daga ƙugu zuwa ƙasa suna farke, barcin bai kai awa ɗaya ba ga yawancinsu, aka bi su har shekara 5, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna bambanci a basirarsu ba. Abin da ya fi damunmu ga bakwaini shi ne ɗaukewar numfashi bayan aiki, shi ya sa irin Hassan ba a sallamarsa ranar, zai kwana ana sa masa ido da na'ura, kuma a wasu wuraren akan yi musu aikin da allurar baya kaɗai ba barci in akwai wanda ya ƙware. Nasa a babban asibiti mai likitan tiyatar yara za a yi, kar ki kai shi ko'ina don araha.

Ummu Sudais: Ita ƙabar ba ta komawa da kanta ne? Nawa cibiyarsa ce ta fito kakarsa ta ɗaura masa kwabo da tsumma kuma ta koma.

Dakta: Ta cibiya daban, yawancinta tana rufewa da kanta kafin shekara 4 zuwa 5, da kwabo da ba kwabo, kwabon ma ƙurji yake jawowa. Ta matsematsi ba ta rufewa, ba jiƙo ba ɗauri, sai aiki, kuma a yara aikin ƙarami ne, ɗaure bakin jakar ƙabar ake yi ba a sa raga irin ta manya. Maman Haidar da Maman Biyu ku riƙe wannan kafin ranar aikinku, in kumburin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri ko ja, yaro yana kukan da ba ya lallasuwa ko yana amai ko ciki ya kumbura, hanji ne ya maƙale, ko ƙarfe biyun dare ne ku tafi asibiti, kar ku jira ranar da aka rubuta kuma kar ku ba shi abinci a hanya.

Maman Haidar: Na gode Dakta Allah ya saka. Tambaya ta ƙarshe, an ce kar ya ci komai tun dare, yaron da ko asuba sai ya sha koko ya zan yi da shi?

Anti Nas: Ki sake tambayarsu ƙarfe nawa ne aikin don ba wai tun magariba za a hana shi ba. Abinci da koko da madara awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Koko abinci ne fa, kar Hajiya ta ce ai ruwa-ruwa ne ta ɗura masa a mota, in ya sha ki faɗa musu gaskiya a ɗaga aikin, don amai cikin barci yana iya shiga huhu.

Maman Biyu: Anti na masu shan nono da madarar gwangwani a haɗe fa, wanne za a bi?

Anti Nas: Ta gwangwani awa 6 ce, ki ba shi ita da wuri sai ki ƙarasa da nono.